Minti Goma Sha Ɗaya

Ni ce mai riƙe da littafin lokaci
a masana'antar kifi ta Quellón,
garin da ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
tsuntsayen teku kuma na zagin kowa daga kan rufi.
Teburina na saman bene, bayan gilashi.
Daga nan nake hango mata ɗari da arba'in
cikin fararen riguna da takalman roba,
suna zare ƙaya daga jan naman kifi,
yatsunsu sun ƙage don sanyi.

Ranar Talata don Heriberto Oyarzo ya shigo
da hoton da kyamarar ƙofa ta ɗauka.
Eliana Millalonco ce, kati biyu a hannunta,
nata da na Rosaura Cárcamo.
Ta buga su bakwai saura minti biyu,
Rosaura ba ta iso ba sai bakwai da tara.
Kwalekwalen tsibirinsu iska ta tsare,
ita kuwa iska ba ta da kati.

Ya ce, “Ximena, takardar sallama, guda biyu.
Satar lokaci sata ce.
Yau minti, gobe buhu.”
Na ce to.
Shekara huɗu ke nan ina cewa to.

Amma na san cikin littafin nan,
da hannuna ake cika shi.
Wadda ta zo bakwai da minti ɗaya,
in mai da ita bakwai da kwata.
Wadda ta tashi shida da sha huɗu,
in mai da ita shida cif.
Sa riga, sa hula, wanke hannu har gwiwa,
tsoma takalmi a ruwan magani,
wannan, in ji shi, ba aiki ba ne, shiri ne.
Bayan gida minti shida, abin da ya ɗora a yanke.
Na ga mai cikin wata bakwai
tana sassarfa a daɓe mai santsi,
hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a bango,
don kada jan biro ya hau sunanta.
Biron nawa ne.

Da dare na zauna gaban murhu da takarda.
Rabin awa a kan kowace mace, kowace rana.
Awa saba'in kafin faɗuwar rana ɗaya.
Na fara ninkawa da kwanakin shekara huɗu,
sai na ajiye, shayina ya huce.
Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani,
mu kuwa a kan namu muka gina bene,
muka sa masa gilashi.

Da safe na miƙa musu takardun.
Rosaura ta yi kuka, ta ambaci haya, ta ambaci yara.
Eliana ba ta roƙi kowa ba.
Ta ninke tata huɗu, ta sa a aljihu,
ta ce a ba ta kofinta mai tsagaggen baki.
A bakin matakala ta juyo:
“Agogon ƙofa yana gaba da minti uku da safe.
Kin sani?”
Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.
Na ce, “Na sani.”
Ta ce, “Na san kin sani,” ta sauka.

Don Heriberto ya kawo mini alewa da yamma,
ya ce ni ce idonsa a gidan nan.

Yanzu littafi biyu ne a jakata:
wanda na'ura ta rubuta,
da wanda na gyara.
Ofishin ƙwadago na Castro yana buɗewa ƙarfe tara,
motar farko na tashi bakwai saura.
Uwata na ɗaki tana tari, maganinta daga albashin nan yake.
Na sa jakar bakin ƙofa, na ɗauke,
na sake mayarwa.

In na tafi, gobe zan makara,
karon farko a shekara huɗu,
kuma a duk faɗin gidan nan
ban bar wadda za ta buga mini kati ba.