Bayan Murfi

Ran addu'ar arba'in aka zube kayan Baba a tabarma:
rediyo, alkyabba guda, takardun gidan Yakasai,
sai agogon nan, launin kwaiduwar ƙwai,
da ya saya hannun wani Kwara a Fagge
tun ana kashe sule da sisi.

Yaya Tasi'u ya ce, "Gwal ne zalla, a sa shi a lissafi."
Uwale ta ce, "Baba da bakinsa ya ce ba gwal ba ne."
"Don ɓarayi ya faɗa," in ji Tasi'u.
Mai rabon gado ya rufe littafi, ya ce gani ya kori ji.
Ni ne auta, ni aka aika.

Na bi lungunan Kurmi da shi cikin hankici,
ina lissafin kuɗin haya da kasona zai biya,
sai zuciya ta tare ni a bakin Jakara:
in gwal ne, shekara hamsin ke nan
tsoho na kabbara a sahun gaba da haram a wuyan hannu.
In ba gwal ba, mun tashi a tutar babu.
Ban san wanne zan roƙa ba.

Rumfar Malam Barau ba ta fi kabad ba.
Agogo talatin a bango, kowa da ƙaryar da yake yi.
Ya karɓa, ya jinjina a tafi
kamar mai tayin 'yar shila,
ya kara masa maganaɗisu, bai motsa ba.
Na yi murmushi. Ya ce, "Kada ka yi saurin guɗa,
tagulla ma ba ta amsa wannan kira."

Ya sa bakin wuƙa, murfi ya ce ƙas.
Ya maƙala gilashi a ido guda, ya yi tsit
har mai koko ta wuce ta dawo.
"Zinari zalla da lambarsa yake zuwa,
sha huɗu, sha takwas, ko ɗari bakwai da hamsin.
Wannan alkawari aka rubuta masa:
zai yi shekara ashirin bai koɗe ba.
Yaro, zinari ba ya yanka wa kansa wa'adi.
Wanda ya san zai ƙare, shi ke ƙidaya shekaru."

Na ce a ɗiga masa ruwan gwaji.
"Sai na goge da zarto, in ji masa ciwo. Don me?
Ubanka ya riga ya goge shi."
Ya miƙo gilashin. Na duba kunnuwan da ke riƙe maɗauri,
na duba gefen da ke gugar fata:
rigar gwal ta sale, mai kauri ce, amma riga ce,
tagulla na leƙowa ta ƙasa, ja-ja, da tsanwa a lungu
kamar gindin randa.

"To ina gwal ɗin ya tafi?"
Barau ya ɗaga kafaɗa.
"Hannun riga, gumin rani, ruwan alwala sau biyar.
Ka tambayi kwatar gidanku."

Ya murɗa kansa sau bakwai, ya kanga a kunnena.
Ciki na tafiya, ƙyas, ƙyas, ƙyas,
irin takun Baba in zai fita asuba
ba ya son ya tashe mu.

Kuɗinsa bai kai buhun shinkafa ba.
Tasi'u ya yi tsaki, Uwale ta share ido da mayafi,
ta ce, "Ai na faɗa muku, bai taɓa yi mana ƙarya ba."
Na ce a cire a kasona.

Yanzu yana hannuna. Kullum yana makara da minti huɗu.
In na kwance shi da dare
sai in tarar ya bar mini koren zobe a fata,
ba na gaggawar wankewa.