Bencin Baya

Shekara ashirin da biyu Fasto Yila na kan mumbari
a Kaltungo, muryarsa har bakin kasuwa.
Ran da yake wa'azi kan Ayuba
masu tuyar ƙosai sukan rage wuta.
Sai wata Lahadi, tsakiyar damina,
ya buɗe baki, magana ta ƙi fita.
Likita a Gombe ya leƙa maƙogwaro,
ya ce, Baba, igiyar ta tsinke, sai haƙuri.

Ya miƙa mabuɗin coci,
ya naɗe farar kwala, ya tura a gwangwanin madara.
Bijimi ɗaya ya sayar da buhun gyaɗa shida,
ya dawo daga Jos da kyamara
da ƙafarta uku, mai nauyin tsiya.
Ni aka ba ɗauka. Ina ɗan sha uku.

Mukan fita zakara bai gama shawara ba,
mu zauna muna fuskantar Dutsen Kilang.
Hantsi ya dubi ludayi, in ce, Baba, a ɗauka mana.
Sai ya nuna gajimare da leɓe:
dutsen bai gama sa riga ba.
Wata rana mu wuni, mu dawo hannu rabbana,
mutanen gari na raɗa wai ciwon ya haura kai.

Bai taɓa ɗaukar fuskar mutum ba.
Giginyu a bakin rafi, tudun Tula bayan ruwa,
kuka guda tsaye a gonar da aka girbe.
Na tambaye shi dalili, ya rubuta a bayan ambulan:
"Na daɗe ina faɗa. Bari in saurara."

A yawon nan ne itace ya kama shi.
Mun shiga wani gida roƙon ruwa,
ya ga kujerar tsohuwa, sassaƙar guda, ba ƙusa,
ya durƙusa gabanta kamar mai neman gafara.
Daga nan ya san ƙirya da nauyi, maɗaci da harshe,
yakan ƙwanƙwasa ƙafar gado da zobe
ya gane ko gara ta riga mu sallama.
Wani dillali ya kawo akwati daga Bauchi,
yana rantsuwa na kakan kakansa ne.
Baba ya shafa, ya shinshina yatsa,
ya rubuta: "Hayaƙi da man kaɗe. Bara aka haife shi."

Shekarar da coci ta sayi kujerun roba
aka jibge tsofaffin bencuna a bayan katanga,
za a faskara su a dafa shinkafar Kirsimeti.
Ya zo da kuɗin hoto uku ya fanshi ɗaya,
na can baya, mai gurguwar ƙafa.
Na ce, Baba, wannan ko kyauta dillali ba zai karɓa ba.
Ya kama hannuna, ya bi da shi kan katakon.
Nan ya lotsa: wurin Mama Rifkatu,
shekara talatin, ba ta taɓa matsa wa kowa ba.
Nan ya yi baƙi: gwiwar hannun mai gyangyaɗi.
Nan kuma, a ƙarƙashi, wani ja'iri
ya karta sunansa da ƙusa.

Na leƙa. LAMELA, harafin farko a juye.
Kunya ta hana ni ɗaga kai.
Ya yi dariyarsa marar sauti, ya rubuta:
"Na gan ka ranar. Daga mumbari ana ganin komai."

Ya rasu bayan kaka, shekara tara ke nan.
Bencin na shagona a Gombe, kusa da tasha,
na tokare gurguwar ƙafar da ɓallen bulo.
Sama da shi hoton Kilang, ran da ya sa riga.
Masu kuɗi na taya hoton, ba mai taya bencin.
Sukan zauna a kai dai, mu yi ciniki,
kuma kowa, ban san dalili ba,
wurin Mama Rifkatu yake zamewa.