Layin da Ya Rage

Daren Laraba a Dayton, dusar ƙanƙara ta rufe titi.
Ina teburin kicin, takardar rance a gabana.
Layi ɗaya ya rage: sunana, da kwanan wata.

Digirin yayata Renata na rataye cikin gilashi,
Mama na goge shi duk Lahadi.
Mai shi kuwa tana rumbun kamfani
tana liƙa wa kwalaye lamba har asuba.
Dala dubu arba'in da ɗaya ake bin ta,
bashin da ba ya barci,
tana gyangyaɗi yana haihuwa.

Corwin na maƙwabta bai taka jami'a ba.
Famfo yake gyarawa, har ya sayi mota.
Amma na ga yadda yake dafe ƙugu in zai miƙe,
shekara ashirin da shida kacal.

Baba ya ce ilimi gishirin zaman duniya ne.
Na ce, to nawa cokali yake yanzu?
Sai ya juya wajen taga.
Masana'antar da ta cinye masa shekara talatin
yau ciyawa ce ke aiki a cikinta.

Kada a ce ba na so.
Ina so in san abin da ganye ke yi da hasken rana.
Kuɗin haya ne bai san ganye ba.

Renata ta shigo da sanyin asuba,
ta ga biro, ta ga takarda.
Ba ta ce sa ba, ba ta ce bari ba.
Ta cire takalmi, ta ɗora kofi,
ta juya bayan ambulan, ta ce mu sake lissafi.