Jarka Tara

Ƙarfe uku na dare, layin famfo a Garin Malam.
Na jera jarkoki huɗu bayan na Yagana,
na zauna kan ta biyar, littafi bisa cinya,
fitilar waya tsakanin haƙora.
Famfo bai ce uffan ba tun shekaranjiya,
jarrabawa kuwa ƙarfe takwas, ba ta san uzuri ba.

Shafin yau, ƙoda.
Madam Cima ta rubuta har alli ya karye:
lita ɗari da tamanin take tacewa a kwana guda.
Na auna da ma'aunin da na sani,
sai ga jarka tara,
saura ɗaya kurar Ilu mai ruwa ta cika.
Jarka tara cikin cikina,
ni da ke gadin famfo kamar mai jiran gawa ta yi atishawa.

Amma ba zubarwa take ba.
Wadda ta tashi a Damagaram ba ta zubar da ruwa.
Sai ta fitar da komai tsakar gida tukuna,
kamar Inna ranar kwalema,
sannan ta bi ɗaya ɗaya tana maidawa ɗaki:
sukari, koma, ko ƙwaya ba na bari;
gishiri, koma, sai ɗan abin da ya yi yawa;
ruwa, ina za ka? Dawo nan.

Hanyar ta fi gashi siranta.
Ta gangara kamar guga cikin rijiya,
a gangare ta ba da ruwa,
a hawa ta ba da gishiri.
Abin da rariya ta ƙyale kuma,
tsamin jini, ragowar ƙwayar magani,
ta taga ake turo shi: tafi da wannan ma.
Daga jarka tara
abin da ke kaiwa bayan gida bai cika buta ba.

Ranar da duwatsun Birni suka ɗau zafi
har ƙadangare na ɗaga ƙafa,
saƙo kan sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa:
a tsuke baki, yau babu.
Ita ko ba ta gardama.
Ta matse, ta ƙara matsewa,
fitsari ya fito kaɗan, ja kamar shayin farko.
Mu ma haka muke:
ruwan wankin shinkafa na akuya,
na alwala na bishiyar zogale.

Nan na tsaya da karatu.
Layi ɗaya ya riƙe ni a wuya:
in sukari ya fi ƙarfin masu maidawa,
sai ya wuce, ya ja ruwa ya tafi da shi.

Baba.
Sau biyar yake tashi cikin dare,
ina jin takalminsa, ina jin buta.
Randa ba ta kwana saboda shi,
Inna na cewa zafin bana ne.
Wandonsa ya soma neman sabon mazagi.
Jiya da safe na ga kiyashi sun yi layi
a inda ya tsuguna gindin katanga,
layi mai tsari, ya fi namu,
na share su da tsintsiya ina waƙa.

Kiyashi sun riga ni karanta shafin.

Famfo ya yi tari, ya yi kaki, ya tofa iska.
Mata suka miƙe, jarkoki na ƙara.
Yagana ta taɓa ni: ke, matso, ya zo.
Na naɗe kusurwar takarda.
In an tashi daga jarrabawa
zan biya ta asibiti in roƙi ƙaramar kwalba mai murfi.
Yadda zan miƙa wa Baba ita
ne babu a littafin.