Maƙerar Jini

A Panteka nake, da ƙarfe nake hira.
Wanda ya karkace in gasa shi, in doke shi, ya miƙe.
Shekara goma sha tara ina riƙe da guduma,
laujen da ke jinin Zuwaira ya gagare ni.

Rabi daga Baba, rabi daga Inna,
sun yi rabon ba su san sun yi ba.
Na ɗauki ɗaya na wuce abina,
ita ta haɗa biyu.
Wani ya gaji gida, wani gona,
nata gadon na ƙarfe ne, kusa da taga, ɗakin mata.

In kogin Kaduna ya cika ya lashi ƙafar gada,
gidanmu ba a murna.
Sanyi kan shiga ƙashinta kamar ƙusa,
ta ciji bakin zane kada Inna ta farka.
Na haddace kuɗin ledar jini,
na san nas ɗin da ke samun jijiya bugu ɗaya.

Dakta Kuyet ta juya bayan kati, ta yi zane.
Ta ce ɓargo shi ne maƙerar jini,
ta Zuwaira lauje take ƙerawa.
Sai a kashe wutar, a share toka,
a kawo maƙeri daga cikin gida.
Wannan yaren na ji shi.
Ta ce ba alkawari ba ne:
gida kan ƙi baƙo, baƙo kan tayar wa gida.

Mu huɗu aka ɗiba.
Tanimu bai dace ba, Lantana haka, Auta haka.
Sai ni, mai baƙin tafi,
ni da muka girma muna faɗa kan ƙanzo.

Filin Baba na Rigachikun ya tafi.
'Yan layinmu suka zagaya da gwangwanin fenti,
har mai shayi ya jefa.
Muka hau jirgi a Rigasa, Inna ba ta ɗaga hannu ba,
tana riƙe da ginshiƙi.

Suka huda ƙuguna ina barci.
Leda guda, ja kamar zoɓon da ba a sirka ba,
tana ɗiga cikin hannunta.
Gashinta ya zube, bakinta ya yi miki.
Ta bayan gilashi nake ƙirga kwana da yatsu,
har yatsun suka ƙare na sake.

Bana, ruwan farko, a Tudun Wada,
ta fita tsakar gida ba ɗankwali.
Inna ta buɗe baki za ta yi tsawa,
sai ta zauna a kan turmi.

Zuwaira ta ce tun da jinina ya shige ta
take jin neman rigima.
Ni kuwa in hadari ya haɗo, ƙuguna ke fara sani.

Ta katanga ina jin Safwan ɗan maƙwabta yana nishi.
Shi kaɗai uwarsa ta haifa,
kuma ba su da fili.