Ƙusa da Gishiri

Hawa na tara, Surabaya, ƙarfe biyun dare,
fanka na juyi, kofi ya huce tun ɗazu,
ni da na'ura muna tankaɗen maganar gari.

Saƙo dubu ɗari huɗu tun bayan isha'i.
Ta kasa su uku kamar mai tallan tumatir:
kore na masu so, ja na masu ƙi,
ruwan toka na 'yan ba-ruwanmu,
sannan ta miƙo mini lissafi cikin ɗari.

Maigidana Gunadi ya leƙo, hannu a aljihu.
"Hosniyah, ina aka kwana?"
Na ce mai lamba biyu ya kai sittin da ɗaya.
Ya yi dariya har haƙorin gwal ya fito,
ya buga waya, can aka ɓarke da kirari.

Da ya fita na kwance bakin buhun kore.
Wani ɗan acaɓa ya rubuta:
"Madalla da mai lamba biyu, titinmu ya yi kyau,
har kifi muke kamawa a tsakiyarsa."
Na'ura ta ga madalla, ta ga kyau,
ta jefa shi cikin masoya.
Ba ta san gatse ba, baiwar Allah.
Ba a goya ta ba, ba a taɓa yi mata habaici a layin famfo ba.
Abin da yatsa ya danna take aunawa,
ba ta da mudun awon sirri.

Na ƙara tonawa.
Mutum ɗari uku masu hoton fure iri ɗaya,
duk ranar Talata aka haife su,
duk suna yabo da tuntuɓen harafi guda.
Baki ɗari uku, harshe ɗaya:
wani yaro ne a ɗakin haya, wayoyi jere kan tabarma,
shi ma kuɗin shinkafa yake nema,
ban ga laifinsa ba, kowa da irin nasa garari.

Sai babana ya faɗo mini a rai,
Mattali, can Madura, ƙetaren doguwar gada.
Shekara arba'in yana jan katako a fadamar teku,
tafin ƙafarsa ya tsage kamar ƙasar rani.
Wayarsa mai maɓalli ce, a ƙulle cikin leda
don kada iskar ruwa ta cinye ta.
Bai taɓa rubuta wa duniya ko kalma ɗaya ba.
Ba ya cikin kore, ba ya cikin ja,
ko tokar ma ba ta san da shi ba,
ga jiragen waje sun karya masa farashin gishiri.

Na kira shi bayan asuba.
"Baba, wa za ka zaɓa?"
Ya yi tari, na ji ƙarar igiyar ruwa a bayansa.
Ya ce: "'Yata, ruwan teku ma sai ya sha rana
kafin ka ga abin da ya ɓoye.
Kin ci abinci kuwa?"
Haka ya rufe zancen, na bari.

Laraba ta zo, rana ba ta ƙarya.
Ya sa rigar Juma'a, ya shiga bayan shamaki,
ya ɗauki ƙusa ya huda takarda,
ya tsoma ƙaramin yatsa a shuɗin tawada.
Irinsa dubbai, masu gishiri, masu taba, masu koma,
suka yi magana da ƙusa, babu sauti,
aka ɗaga takardu ɗai-ɗai ana leƙen huji a sarari.

Arba'in da huɗu.
Gunadi bai nuna haƙorin gwal ba ranar.
Ya ce na'ura ce ba ta ƙoshi ba, a ƙara mata saƙo.
Na ce to.
Amma a ƙasan rahoto na buɗe gida na huɗu,
na rasa launin da zan ba shi,
na bar shi fari.

Har yau ban san inda Baba ya huda ba.
Ya dai aiko mini da ƙunshi ta hannun direban bas,
ba wasiƙa, ba gaisuwa,
busasshen kifi da gwangwani biyu na gishiri.