Wuƙar da Ba Ta Yanka

Ubana mahauci ne a kasuwar Tawa.
Ya bar wuƙa bakwai cikin gafaka,
kowace ya san halinta kamar ƴarsa.
Ni wuƙa biyu gare ni a Gamkalle,
ba ƙota, ba kube, ba kaifi:
dogon bututu mai tsaga a leɓe,
tsagar ba ta kai kaurin farce ba.
Nan iska ke fita a shimfiɗe
ta feɗe ruwa daga jikin butali
kafin a manna masa takarda.

Daren Talata, kwana ɗaya da ruwan fari,
Rahamu ta zo da butali a hannu,
takardarsa ta zame, ta karkace.
"Nomau, wuƙarka ta dakushe."
Shef Hamani na bayanta yana duban agogo,
kwali ɗari biyu na jira, mota na ƙofa.
Ya ce in ƙara wa injin wuta.
Na ce jakin da ya shaƙe
ba bulala yake nema ba.

Na bi leɓen da bayan hannu, a hankali.
Farko sanyi, tsakiya sanyi,
sai wani taƙi guda shiru,
kamar giɓi a bakin tsohuwa.
Na kasa kunne ga mahuci.
Jiya gurnani yake, yau shessheƙa,
jikinsa zafi, ba ya taɓuwa.

Na yanke kuran, na rataya kwaɗo,
makullin cikin aljihuna,
don yatsa ba zogale ba ne, ba ya tohowa.

Na danna kuruwa da babban yatsa, tana nan daram.
Na shafa tiyo gaɓa gaɓa da ruwan sabulu,
ko kumfa ɗaya bai tashi ba.
Sai na buɗe murfin matata.
Lahaula!
Fukafukan gina, dubu kan dubu,
sun manne sun zama tabarma.
Na ɗaga kai: ga fitilar Arzika mai gadi
rataye daidai bakin da injin ke shaƙa.
Shi haske ya nema don alwala,
gina ta bi haske, injin ya sha gina.

Shef ya ce, "To, shi ke nan?"
Na ce saura giɓin.
Hancin da ya toshe daban, haƙorin da ya fita daban.

Na kwance leɓen. Gam ne ya daskare a ciki,
da ɗan gishirin ruwa, fari kamar kanwa.
Rahamu ta miƙo min reza.
Na ce a'a, ba ni sillen tagulla.
Ƙarfe kan ƙarfe tabo yake bari,
iska kuwa ba ta mance tabo,
kullum ta zo nan sai ta rabu biyu.

Na mayar da kusoshi daga tsakiya zuwa gefe,
kwata, kwata, ba mai fin ɗan'uwansa,
ma'auni na shiga da ƙyar, yana fita da ƙyar.
Na ɗan sunkuyar da bakin
ya tari butali tun yana zuwa,
yadda ubana ke kwantar da wuƙa
tsakanin fata da nama.

Ƙarfe ɗaya saura na cire kwaɗon.
Gurnani ya dawo.
Rahamu ta ɗauki na farko ta goga a kunci,
ba ta ce komai ba, ta mayar kan layi.

Arzika ya matsar da fitila gindin bedi,
yana mita, wai an ɓata masa ginar suya.
Na rubuta a littafi: matata, duk sati, har ƙarshen damina.

Shi a gashin hannu yake gwada tasa.
Na duba nawa hannun, gashi na nan,
iska ce kawai ta kwantar da shi gefe guda.